Ruwa garau, kifi na mutuwa: fashin baƙi kan filtar tankin golfish

Me ya sa jan kifin adon nan da ake kira golfish ba ya wuce sati biyu ko uku a gidajenmu, alhali ruwan da yake ciki garau yake? Tun da ajiye tankin gilashi a falo ya zama abin yayi a nan Jos, har ya fara shiga kayan jeren amare, wannan tambaya take yawo. Ranar da aka kawo tanki a ɗora hotonsa a Facebook ko TikTok, ana ta sambarka. Bayan wata guda ka je gidan ka tarar an kife gilashin a bayan ɗaki. In ka tambaya, amsar ba ta wuce uku: mai shago ya sayar da marar lafiya, sanyin Jos ya kashe shi, ko kuwa dama kifin ba mai nisan kwana ba ne. Akwai ma masu cewa baki ne ya kama shi.

A mafi yawan lokuta ba ko ɗaya daga ciki. Golfish da ya samu kula yana yin shekara 10 zuwa 15, wani ya haura 20, kuma an yi wani a Ingila mai suna Tish da ya mutu a 1999 yana da shekara 43. Sanyi kuwa abokinsa ne. Abin da ke kashe shi yana cikin ruwan nan da muke yabon haskensa, kuma maganinsa yana cikin ɗan injin da ake kira filta, wanda yawancinmu muka ɗauka rariya ce kawai.

Wannan kifi ba tarwaɗa ba ne

Mu kifin da muka saba gani a tsare shi ne tarwaɗa. Kowa ya ga yadda ake cusa su a rabin jarka ko a baho a kasuwa, ruwa ya yi kauri, su wuni suna motsi ba abin da ya same su. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita kai tsaye, shi ya sa take leƙowa ta haɗiyi iska ta koma. Da wannan idon muke kallon golfish, kuma daga nan kuskuren ya faro.

Golfish ɗan dangin kifin da Turawa ke kira carp ne, irin wanda aka kawo gonar kifi ta Panyam da ke ƙaramar hukumar Mangu tun a shekarun 1950, saboda sanyin Filato ya dace da shi. A ƙasar Sin aka fara kiwonsa don ado, fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma a kududdufai da manyan randuna, ba a kwalba ba. Numfashinsa daga cikin ruwa ne, ta jajayen zaren nan da ke ƙarƙashin marfin kunnensa. In ka ga ya tsaya a saman ruwa yana buɗe baki yana rufewa, ba abinci yake roƙo ba, numfashi ne ya yi masa wuya.

Ga shi da ci. Ba shi da tumbi na gaske, abinci daga baki sai hanji, don haka wuni yake yana kiwo yana kashi, yana tonon tsakuwa kamar kaza a juji. Ɗan ƙaramin da aka sayo kamar yatsa, in mai doguwar jiki ne yana kai santimita 25 zuwa 30, mai kumburarren ciki da baza wutsiya kuma 15 zuwa 20. A cikin kifayen ado kaɗan ne suka kai shi ɓata ruwa.

Gubar da ido ba ya gani

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kaji da sassafe kafin a buɗe tagogi ya san warin nan mai yaji da ke sa ido hawaye. Sunansa amoniya. Shi kifi yake fitarwa dare da rana, mafi yawansa ta wurin da yake numfashi, sauran kuma daga kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe. A cikin ruwa ba shi da launi. Ruwa zai iya zama tas kamar na kwalba alhali amoniyar da ke ciki tana ƙona wa kifin wurin numfashinsa. A rafi ruwa mai yawa ne ke kwashe shi. A tanki ba inda zai je.

Allah da ikonsa ya halicci wasu ƙananan ƙwayoyin halitta, bakteriya, waɗanda amoniya ce abincinsu. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware su a 1890. Kashi na farko suna cin amoniya su mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, jinin ya koma ruwan ƙasa, kifi ya shaƙe ko da ruwan cike yake da iska. Sai kashi na biyu su ci naitirait su mayar da shi naitiret. Wannan na ƙarshen da sauƙi, shi ne sinadarin da shuka ke nema a taki, kuma kifi yana jure shi in bai taru da yawa ba. Canjin ruwa ne ke fitar da shi.

Waɗannan bakteriya ba sa zama a tsakiyar ruwa. Mannewa suke a jikin abu, kuma suna son wurin da ruwa mai iska ke ratsawa ba tsayawa. Soson da ke cikin filta, da 'yan zobban tangaran masu huji-huji da ake zubawa a ciki, gidansu ne. Wato mai tanki dabbobi biyu yake kiwo: wanda yake gani yana jin daɗi, da wanda ba ya gani, wanda kuma ran na farkon ke hannunsa. Wanda ya gane wannan, sauran bayanin duk mai sauƙi ne.

Filta tana da wasu ayyuka biyu. Tana tare dattin da ake gani, kashi da ɓurɓushin abinci, a auduga ko soso. Sai kuma baƙin gawayin nan na musamman da ke zuwa cikin kwalinta, mai tsotse wari da launi. Shi gawayi ba dole ba ne. Cikin 'yan makonni yake ƙoshi ya daina aiki, kuma in ana yi wa kifi magani sai an cire shi, don maganin zai shanye. Gara a ba soso gurbinsa.

Makonni shidan farko

Sabuwar filta fanko ce, ba kowa a gidan. Bakteriyar da ke tsamar da tuwo tana iya ninka kanta cikin ƙasa da awa guda, amma waɗannan kusan wuni guda suke ɗauka ko fiye. Kafin su yi yawan da za su iya da kashin kifi ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, in lokacin hunturu ne a Jos ma ya fi haka, domin sanyi na rage musu kuzari.

To dubi yadda muke yi: a sayi tanki, filta da kifi shida rana ɗaya, a cika ruwa a juye su. Kwana uku ana murna. Zuwa ƙarshen makon farko amoniya ta taru, mako na biyu da na uku naitirait ya karɓa. Daidai lokacin da mutane ke cewa kifinsu ya mutu kenan. Ruwa ba ya tsami banza.

Hanyar da ta fi ita ce a kunna filta a tanki babu kifi, ana ɗan barbaɗa abincin kifi kowace rana ya ruɓe, har sai ruwan gwajin da ake sayarwa a shagunan kayan kifi ya nuna amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret ya fara bayyana. Na san ba kowa zai iya wannan haƙuri ba, musamman in yara sun sa ido. Gajeriyar hanya ita ce a samo tsohon soso daga tankin wani mai lafiyayyun kifi, a kawo shi jiƙe cikin ruwan tankinsa, kamar yadda ake ɗiban tsohon nono a zuba a sabuwar madara. In kuwa an riga an zuba kifin, to a rage abinci sosai, a riƙa canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan kowace rana ko bayan kwana biyu, har makonnin su wuce.

Wace filta, a garin da ake ɗauke wuta?

Shawarwarin da ke intanet galibi an rubuta su ne a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa. Can tambayar ita ce wace filta ta fi ƙarfi. Mu tamu tambayar daban ce: wacce ce bakteriyarta za su rayu in injin ya tsaya awa goma?

Wadda ake ɗauka sarauniya ita ce babbar gwangwanin da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, tiyo biyu na haɗa ta da tanki. Tana ɗaukar soso da zobba masu yawa, ba ta da ƙara, tana sa ruwa ƙyalli. Amma a rufe take ruf. Da zarar wuta ta tafi, bakteriyar ciki su shanye 'yar iskar da ta rage cikin awoyi, su fara mutuwa, dattin ciki ya fara ruɓa. A watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako guda a duhu, na ga ƙarshen wannan a gidan wani abokina a Bukuru. Ya yi ta fama da moɗa yana ɗiban ruwa yana kwararowa, kifinsa suka tsallake kwanakin duhun. Sai aka kawo wuta cikin dare, injin da ya bari a jone ya tashi da kansa, ya juye musu baƙin ruwan da ya kwana ya wuni a gwangwani. Da na isa da safe falon na warin ruɓaɓɓen ƙwai, manyan kifinsa suna kwance a gefe ɗaya a ƙasan tanki, wutsiyoyinsu a baje kan tsakuwa. Wutar da aka yi ta addu'ar dawowarta ita ta ƙarasa su. Wanda ba shi da sola ko imbata mai riƙe dare, ban ga dalilin da zai sa ya kashe kuɗinsa a wannan ba.

Akwai wadda ake ratayawa a bakin tanki, ruwa na zubowa daga cikinta. Tana da sauƙin wanki, sai dai wasunsu in wuta ta dawo ba sa iya jawo ruwa da kansu, injin ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Akwai 'yar ƙaramar da ake mannawa a cikin ruwa, mai arha, wadda sosonta bai kai tafin hannu ba. Golfish kwana uku yake toshe ta. Tankunan da ake shigowa da su daga Sin kuma sukan zo da doguwar tire a cikin murfi, ruwa na bi ta kan auduga ya koma. Wannan tana da kyau don iska na samunta, illarta bushewa in wuta ta daɗe.

Ni zaɓina mafi ƙasƙanci ne a ido: dunƙulen soso da ake ajiyewa a ƙasan tanki, ɗan famfon iska na hura masa kumfa ta siririn tiyo. Kumfar na tashi tana jan ruwa ta cikin soson. Ko wuta ta tafi, soson na cikin ruwan tanki, bakteriyarsa ba su shaƙe nan take ba. Famfon wat 3 zuwa 5 yake ci. Mai wat 5 in ya yi wata guda bai huta ba, yunit 3.6 ya sha a mita. Akwai mai batir a ciki da ke ci gaba da kansa in an ɗauke wuta, akwai kuma wanda ake jonawa a fawabank ɗin cajin waya. Ba zan ɓoye aibinsa ba: ba shi da kyan gani, famfon na gurnani da dare in ba a ɗora shi kan tsumma ba, kuma ba ya kwashe manyan kashi, sai an zuƙe da tiyo. Amma a sa guda biyu, ɗaya a kowane lungu, a haɗa da ta murfi in akwai hali, an gama. A tuna kawai a ɗora famfon sama da bakin ruwa, ko a sa ɗan bawul mai hana ruwa komowa a tiyon, don in ya tsaya ruwa kan biyo tiyo ya sauko cikinsa har ƙasan falo.

Ɗan lissafi kafin a biya kuɗi

A auna tsawo, faɗi da zurfin tanki da santimita, a ninka su, a raba da 1,000. Tanki mai 90 da 40 da 45 lita 162 ne, in an cire tsakuwa da sararin sama a ce 140. Masu kiwon golfish sukan so ruwan tanki duka ya ratsa filta sau biyar zuwa goma a awa, don haka a nemi injin da aka rubuta 700 L/H, wato lita 700 a awa, ko sama a kwalinsa. Lambar kwali kuwa da fankon inji aka auna ta, in an cusa soso sai ta ragu. Sai dai masu kumburarren ciki ba gwanayen iyo ba ne. In ka ga ruwa na wurgi da su, ka juya bakin tiyon ya fuskanci gilashi.

Babu filtar da za ta gyara ƙarancin wuri. Abin da aka saba bayarwa shi ne wajen lita 75 ga kifi na farko, 40 ga kowane ƙarin kifi, wato wancan tankin na kifi biyu ne, in an matsa uku. Masu doguwar jiki kuwa asalinsu na kududdufi ne. Ita kuma zagayayyar kwalbar nan mai kama da tulu, bakinta ƙarami ne, iska ba ta shiga sosai, ba wurin filta. Birnin Rum na Italiya ya hana ajiye kifi a cikinta tun 2005. Dabbar da muka tsare haƙƙinta na wuyanmu, kuma kowa ya san hadisin matar da ta ɗaure kyanwa.

Tsayin Jos ya haura mita 1,200, saboda haka ruwanmu yana riƙe iska ƙasa da na Legas da wajen kashi ɗaya cikin takwas in ɗuminsu ɗaya. Sanyi ne ke rama mana, domin ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, mai digiri 30 kuma wajen 7.5. 'Yan'uwanmu na Abuja su ne da aiki a watan Maris: ruwa ya ɗumama, kifi ya ƙara ci da kashi, iska ta ragu. Su famfon iska wajibi ne a gare su ko wace irin filta suka saya.

Gyaran gangar Auzinawa

Ƙanwata da ke aure a Rikkos mace ce mai tsafta, kuma tsaftar ce ta yi ta cinye mata kifi. Sau uku mijinta na sayo sababbi. Ranar da na je na same ta a tsakar gida, tanki a kife yana shan rana, tsakuwa a baho cikin kumfa, kifi biyu a roba suna jira.

"Yaya, wallahi ba Asabar ɗin da ba na wanke shi tas," ta ce, tana ɗaga mini soson ya yi fari fat. "Har wannan da omo nake dirje shi. Amma ko kwana huɗu ba a yi sai su fara naɗe fiffike."

Na ce mata ai nan gizo ke saƙar. Wannan launin ƙasa-ƙasa da take dirjewa shi ne ran tankin. Kowace Asabar tana kashe bakteriyar da suka fara taruwa, tana mayar da kifin ranar farko. Omo guba ne gare su, kilorin ɗin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta ba ya bambance na kirki da mugu, rana kuma ta ƙarasa wanda ya tsira.

Yadda ake yi: ranar canjin ruwa a zuƙo kashi ɗaya cikin uku da tiyo, ana cusa bakinsa cikin tsakuwa don ya kwaso kashi. A tankin lita 140 jarka biyu kenan, sau ɗaya a mako. A cikin wannan tsohon ruwan da ke bokiti za a matsa soso sau uku ko huɗu, ya saki laka, a mayar da shi da sauran launinsa. Ba kowane mako ba ma, sai an ga gudun ruwa ya ragu. In soso biyu ne, a wanke ɗaya yau, ɗayan bayan sati biyu. Ba a sauya soso sai ya fara marmashewa, a lokacin ma rabi-rabi. Mai shagon da ya ce ka riƙa sayen sabon ciki kowane wata, cinikinsa yake dubawa. Farar audugar sama kaɗai ake jefarwa. Mai inji kuma ya riƙa zare 'yar farfelar ciki wata-wata yana goge majinar da ke kama ta. Ruwan bokitin a kai wa alayyafo ko tumatir, taki ne.

Ruwan da za a zuba, in na famfo ne a ɗiga masa maganin kashe kilorin, ko a bar shi a buɗaɗɗen mazubi kwana ɗaya zuwa biyu, kuma a cikin ɗaki, don kada a juye wa kifi ruwan da ya kwana a waje cikin hunturu. Na rijiya da na burtsatse ba su da kilorin, amma rijiyar da ke kusa da masai kan zo da nata naitiret ɗin. A kula da jarkar 'yan garuwa, kada ta zama wadda ta taɓa ɗaukar kalanzir. Ƙasarmu ta duwatsun giranait ce, ruwan irin wannan ƙasa bai cika ɗauke da sinadaran da ke tare tsami ba, kuma aikin bakteriya kansa yana tsamar da ruwa a hankali. In ma'aunin tsamin ruwa da ake kira pH ya gangaro kusa da 6, wato tsami ya ƙaru, sai bakteriyar su rage kuzari. Ɗan dakakken ƙoƙon dabbobin ruwa, irin wanda masu haɗa abincin kaji ke sawa don ƙarfin ɓawon ƙwai, a wanke a ƙulle a raga a sa cikin filta, yana tare wannan. Kada a sa kanwa. Tana ɗaga ma'aunin farat ɗaya, kuma amoniya ta fi dafi a ruwa mai kanwa.

Masu cewa ba sai da filta ba

Suna da hujja. Mutanen Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwon wannan kifi babu lantarki. Sai dai a faffaɗan mazubi ne, kifi kaɗan, ruwa mai yawa, ga tsirrai, ga mai canja ruwa a kai a kai. Wanda ke da babban baho a tsakar gida da rijiya a kusa zai iya. A tankin falo mai kifi huɗu, sai dai a riƙa ɗiban ruwa kusan kullum, kuma a unguwannin da ake sayen jarka wannan ya fi kuɗin famfon iska tsada tun a watannin farko.

Wasu kuma suna kashe filta da dare don ƙara ko don tattalin wuta. Da dare ne ma iska ta fi ƙaranci a tanki, saboda tsirrai da gansakuka su ma shaƙa suke in babu haske. In wutar ce ta tafi da kanta kuma ta daɗe, a daina ba da abinci, lafiyayyen golfish yana yin kwanaki bai ci ba. A zare filogin injin, a kwaso soso da zobba a sa su cikin tankin ko a faranti mai ɗan ruwansa, a zubar da ruwan da ya kwanta a gwangwani kafin a sake kunnawa.

Ita ƙanwata, washegari na ciro ɗaya daga cikin sosona biyu, na ƙulle shi a leda da ruwansa, na hau Keke na kai mata. Da ta ga launinsa sai da ta yamutsa fuska ta ce, "Yaya, wannan ƙazantar zan sa a falona?" Ta dai sa. Waɗancan biyun da na tarar a roba yanzu kowannensu ya kai tsawon tafin hannu, kuma rigimar da ake yi a gidan ita ce inda za a matsar da kujera a samu wurin babban tanki.